Ranar da Aka Kira Lauya a Lasifika

SHAFI NA 31

Masu turo mini saƙo kuna cewa Hajiya Shugabar makaranta ba muguwa ba ce, rashin tunani ne kawai, to ga shafinku. Ku karanta, sannan ku zo mu yi ta. Ni dai raina a ɓace na rubuta shi, kuma har yanzu ban huce ba.

* * *

Anti ko safar hannu ba ta gama cirewa ba ta fito daga ɗakin gwajin jini. Ta bar wa abokiyar aikinta layin marasa lafiya, ta tsayar da tasi ta faɗa ciki. Maganar da Malamin aji ya gaya mata a waya ce kawai ke yi mata yawo a ka: an tona asirin Lauya a gaban makaranta kaf, yarinyar ta shige ɗakin ajiyar littattafai ta murza makulli, ta ƙi buɗe wa kowa.

Lauya ba 'yarta ba ce, ba kuma 'yar wani nata ba. Shirin jagoranci na makarantar ne ya haɗa su, wanda ake ba duk yaron da ke zaune a gidan marayu babban mutum guda, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako su zauna su yi hira, a ji damuwarsa, a duba karatunsa. Aikin sa kai ne. Kafin a haɗa su yarinyar ta gudu daga makarantu biyu, kuma duk dalili ɗaya ne: ranar da 'yan aji suka gano inda take kwana, washegari ba a sake ganin ƙeyarta ba.

Anti ta sha wuya kafin bakin yarinyar nan ya buɗe. Sai su cinye lokacinsu kaf tana kallon bango tana kaɗa ƙafa. Da ya buɗe kuwa, sai ga gardama kamar a kotu, har 'yan aji suka laƙaba mata Lauya, sunan ya bi ta. Anti ce kuma ta tsaya kai da fata sai da aka hana direban gidan marayu sauke yaran a ƙofar makaranta da motar nan mai rubutu ɓaro-ɓaro a jiki. Can bayan gidan mai yake ajiye su, su ƙaraso da ƙafa kamar 'ya'yan kowa. Da haka yarinyar ta kai ajin ƙarshe, jarrabawar fita ta ƙarato, ba wanda ya san komai.

Sai yau.

Malamin aji na tsaye a bakin ƙofa yana jiranta, ya yi zuru-zuru kamar shi ya yi laifin. Suna tafiya yana ba ta labari ƙasa-ƙasa. Baƙi ne suka zo daga ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin shirin, da kwalayen jakunkuna da mai ɗaukar hoto. A taron safe Shugaba ta karɓi lasifika ta ce yaranmu na gidan marayu su fito gaba a tafa musu. Ƙananan suka fito da gudu, su me suka sani, jaka suka gani. Lauya ta tsaya a layinsu ta ƙame. Shugaba ta duba ta duba, ta ce saura babbarsu, sannan ta kira sunanta, da ajinta, har da cewa kada ta ji kunya, maraici ai ba sata ba ne.

Ya ce sai da aka maimaita sunan, 'yan aji suka dare suka bar ta ita kaɗai a tsakiyar fili. Ta taka ta je. Aka rataya mata jaka mai rubutun kyauta ga marayu, wata baƙuwa ta dafa kanta, aka ce ta yi murmushi, aka ɗauka.

"Kai kana ina?" Anti ta tambaye shi ba ta ko kalle shi ba.

Ya ce yana nan tsaye, wallahi bai san za a yi ba, kuma wa ya isa ya karɓe lasifika daga hannun Shugaba a gaban baƙi. Anti ta wuce shi. Ni kuwa na ce, malam, ko tari ne da ka yi da an ce ka yi wani abu.

Sallamar ma ciki-ciki Anti ta yi, ta tura ƙofar ofishin Shugaba. Shugaba na kishingiɗe a kujerarta mai juyawa, ta cire takalmi, kwalaben lemon da baƙi suka sha na nan jere a tebur ba a kwashe ba. Hotuna take dubawa a waya tana murmushi. Da ta ga Anti sai fara'arta ta ƙaru, ta miƙo wayar, wai ta zo ta ga yadda yarinyarta ta fito tsaf, baƙi har tambaya suke wace ce jagorarta.

Anti ba ta karɓa ba.

"Hajiya, wa ya ba ki izinin kiran sunanta?"

Murmushin ya ɗan rage. Shugaba ta ajiye wayar ta ce ba ta gane ba, izini kuma, a makarantarta?

"Ranar da aka kawo yarinyar nan, a wannan ofishin muka zauna, ni da ke da Maman gidan marayu. Kika ce babu wanda zai ji daga bakinki. Ina zaune a kujerar can kika faɗa."

Nan fa Shugaba ta gyara zama ta fara karanto nata. Wai mutane sun taso daga nesa, sun ce suna son ganin yaran da idonsu, bango za ta nuna musu? Wai ita karrama yaran ta yi, an tafa musu, an ba su jaka, yara nawa ne ke neman wannan gatan ba su samu ba. Wai ɓoye-ɓoyen ma shi ke sa yaro ya ga kamar abin kunya ne, gara a saba musu da gaskiya tun yanzu.

Kun ji fa. Ita ce za ta saba wa 'yar mutane da gaskiya, a lasifika, da mai hoto a gefe.

Da ta ga Anti ba ta girgiza ba sai ta sauya hanya. Ta ce Anti sau ɗaya take leƙowa a mako ta koma asibitinta, ita kuwa kullum tana nan da yara ɗaruruwa a wuyanta. Rufin ɗakin karatu na yoyo tun bara, littattafai na ruɓewa, kuma baƙin nan su kaɗai suka taɓa cewa za su duba.

"Da fuskar yarinya za ki toshe yoyon ke nan?"

Anti mace ce mai sanyin magana, ko yaron da ke tsoron allura da lallashi take shawo kansa, amma yau ta ajiye lallashi a gefe.

"Asirinta ne, Hajiya. Shi kaɗai ta mallaka a duniya. Ba uwa, ba uba, ba ɗakin da za ta ce nata ne. Ita ke da ikon faɗa, ranar da ta so, ga wanda ta so. Kika ɗauka kika raba wa baƙi tare da lemo."

"Ki iya bakinki, malama."

"Da kin iya naki da ban baro marasa lafiya na zo ba. Kin san makarantu biyu ta bari a kan wannan. Kin sani sarai. In ta fita daga ƙofar can yau, ke za ki zauna mata jarrabawar?"

Shugaba ta laluba takalminta da ƙafa ta saka. Irin mutanen nan ne da in an kama su dumu-dumu ba sa neman gafara, sai su nemi wanda za su shafa wa laifin. Ta kwantar da murya, har da ɗan murmushi.

"Tunda maganar amana kika zo da ita, zauna ki ji. Kin san abin da yarinyar taki ke gaya wa 'yan ajinsu?"

Anti ba ta zauna ba.

"Cewa take ke kika haife ta."

Shugaba ta ci gaba da maganar tana jan ta kamar mai ba da labarin biki. Monitar ajinsu ce ta zo bayan taro a ruɗe, tana tambaya yaya za a ce Lauya marainiya ce alhali mamarta ma'aikaciyar asibiti na zuwa duk mako. Ajin kaf haka suka sani. Wai ba ta gayyatar ƙawaye gida ne saboda mamar na aikin kwana, ba ta son hayaniya. Wai zuwan da take yi makaranta kuwa tsananin sa ido ne.

Sai yanzu Anti ta tuna yadda 'yan matan ajin ke rige-rigen karɓar mata jaka suna "Mama, ina wuni", Lauya na gefe tana sunkuyar da kai. Ita duk a zatonta tarbiyya ce. Tausayi ya kama ta, irin wanda ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, amma bai kashe fushin ba, ƙara masa wuta ya yi.

Shugaba ta ga ta samu wurin dannawa, ta danna. Ta tuna mata ƙa'idar shirin, wadda aka nanata musu ranar horo: jagora ba uwa ba ce, ba ta kai yaro gidanta, ba ta yi masa alkawarin da ya fi ƙarfinta, ba ta bari ya ɗauke ta a matsayin da ba nata ba. Duk inda aka ga haka raba su ake yi, a ba yaron wani. Ta ce waya ɗaya za ta buga wa jami'in da ke kula da shirin, magana ta ƙare.

"Amma ni ba na son a kai nan. Ki shiga ajin, ki gaya musu da bakinki ke jagora ce, ba uwa ba. A rufe maganar, ki ci gaba da zuwa. In kin ƙi, yau ce rana ta ƙarshe da maigadi zai buɗe miki ƙofa."

"Ki kunyata ta da safe, ni kuma in ƙarasa ta da rana. Don in jami'i ya zo a ce matsalar ƙaryar yarinya ce da sakacin jagora, ba lasifikarki ba."

"Yadda kika ɗauka."

Anti ta juya ta fita, ta bar mata ƙofar a wangame.

* * *

Ɗakin ajiyar littattafai na can ƙarshen baranda. A nan suke zamansu na mako-mako, kujeru biyu tsakanin kwalayen tsofaffin littattafai, da wata 'yar taga da ba ta rufuwa. Anti ta ƙwanƙwasa ta ce ita ce. An daɗe kafin makulli ya motsa.

Lauya ba kuka take ba, kuma da kukan ne da ya fi sauƙi. Idonta ya yi jawur, a bushe. Jakar baƙin na yashe a ƙasa, ta tattake ta da takalmi har rubutun ya yi baƙi.

"Kin ce ba wanda zai sani."

"Na ce."

"Kin ce Shugaba ta yi alkawari. Na ce miki manya ba sa cika alkawari, kika ce wannan daban ce. Wa ya yi gaskiya?"

"Ke."

Yarinyar ta so a yi musu, ta saba a yi musu, da ba ta samu ba sai ta juya wa Anti baya ta fara zuba. Wai ta ji dariyar da aka yi a layin baya. Wai wadda suke cin abinci tare kullum ta kalle ta kamar yau ta fara ganinta. Wai baƙuwar da ta dafa kanta ta goge hannu a jikin riga bayan an ɗauki hoton, tana gani da idonta. Ta ce ita ba za ta sake taka ajin nan ba, jarrabawa ta ci kanta.

Anti ta kai hannu za ta dafa ta, ta goce.

"Ba zan bari ki bar makarantar nan ba."

"A matsayin wa za ki hana ni?"

Anti ta bari sai da numfashin yarinyar ya ɗan sauka, sannan ta ce a hankali ta ji abin da 'yan aji ke ɗauka game da su biyun.

Kafaɗar Lauya ta tsaya cak.

"Ni ban faɗa ba da farko," ta ce, har yanzu ba ta juyo ba. "Monita ce ta gan ki kina gyara mini wuyan riga, ta ce mamarki ce? Na yi shiru. Sai shirun ya yi mini daɗi. Daga baya suna tambaya ina ƙarawa."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Don na san ƙa'idarku. A gidanmu kowa ya san ta. Wani yaro ya kira jagoransa Baba, aka canja masa wani."

Haushi Anti take ji, na Shugaba, na baƙin, na duk wanda ya tsaya a filin nan ya tafa. Ƙa'idar ba banza ba ce, ta sani, an yi ta ne don kada a ɗaga yaro sama a sake shi ya faɗi. Amma waɗanda suka tsara ta ba su taɓa tsayawa a ɗakin nan suna kallon bayan yarinyar nan ba. Ta buɗe baki za ta ce su zauna su nemi mafita tare, sai ƙararrawar hutu ta kaɗa.

Kafin ka ce me baranda ta cika. 'Yan ajin ƙarshe ne, sun san inda Lauya ta ɓuya, sun kuma ga shigowar Anti. Ƙofar a buɗe take, ba damar rufewa. Wasu tausayi ya kawo su, wasu gulma, yawancinsu ma ba su san wanne ba ne. Can bayansu sai ga ƙarar takalmin Shugaba, ta zo ta tsaya ta harɗe hannu, waya a tafinta. Ba ta kore su ba. Ita da ko gudu aka yi a barandar nan sai ta sa mutum tsallen kwaɗo, yau taron ya yi mata.

Monita ce ta matso. Ba da mugunta ta yi tambayar ba, kuma wannan ya fi ciwo.

"Mama, don Allah ki raba mu da gardama. Wasu na cewa ƙarya Lauya ke yi mana. Ni na ce kuskure aka yi a taro. Ba ke kika haife ta ba?"



Lauya ta juyo. Ba ta roƙa ba. Kallon Anti kawai take, irin kallon da ba ta taɓa yi wa kowa ba tun da aka kawo ta makarantar.

Anti ta san amsar da ke bakinta: eh, 'yata ce. Ta kuma san in ta faɗe ta, mako mai zuwa wata baƙuwar fuska ce za ta zauna a kujerar nan, ko ma ba kowa, yarinyar ta shiga jarrabawa ita kaɗai. In ta faɗi ɗayar kuwa, ta yanka ta a gaban ƙawayenta. Tunanin nan ne ya riƙe mata harshe, kuma cikin tunanin idonta ya tafi kan Shugaba, da wayar da ke hannunta. Ƙiftawar ido ce, ba ta fi haka ba.

Lauya ta gani.

Wani irin murmushi ta yi, wanda ban so a ce yarinya mai shekarunta ta iya shi ba. Ta taka ta fito bakin ƙofa, ta tsaya a gaban Anti kamar ita ce babbar.

"Ku ƙyale baiwar Allah. Ba ta haife ni ba. Ba ta san wadda ta haife ni ba, ni ma ban sani ba. A gidan marayu nake kwana, gado na sama, kusa da taga. Ita turo ta aka yi. Akwai sauran tambaya?"

Monita ta toshe baki da hannu. Shugaba ta gyaɗa kai, wai ita an yi abin da ya dace, har tana cewa to madalla, kowa ya watse tunda an ji gaskiya. Allah ya ba ni haƙuri da matar nan.

'Yan mata suka buɗa hanya, Lauya ta ratsa ta tsakiyarsu, ba jaka, ba littafi. Ba aji ta nufa ba. Anti ta ga inda ta dosa, hankalinta ya tashi, ta ture na gabanta ta biyo ta da sauri har takalminta ɗaya ya cire a matakala, ba ta tsaya ɗauka ba.

"'Yata ce," ta faɗa da ƙarfi, yadda duk barandar za ta ji, har Shugaba. "Kun ji ko? 'Yata ce. Mai buga waya ya buga."

Lauya ta tsaya. Ta waiwayo. Yanzu ne hawayen suka zo, ba ta share ba.

"Sai da kika kalle ta tukuna, Anti."

Daidai nan maigadi ya buɗe ƙaramar ƙofa zai shigo da mai kawo ruwa. Yarinyar ta bi ta gefensa ta fice. Kafin Anti ta kai ƙofar ta tsallaka titi, ta shige cikin motoci da mutane.

Anti ta duba dama, ta duba hagu.

Ba Lauya.

A bayanta kuwa, Shugaba ta riga ta kara waya a kunne.